Ranar da Na Ɓoye Dambuna

Abubuwa da yawa sun gudu daga kaina yanzu, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma ranar da mutumin talabijin ya zo cin abincina, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Ni ban shiga aji ba. Babbar 'yata ce take rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara komai, har wurin da ban fito da kyau ba.

Tun tana goye nake sayar da dambu a bakin tasha a Dutse. Dambun gero ne da rama, yadda mahaifiyata ta koya mini a ƙauyenmu can wajen Buji. A ɓarza geron, ba a bari ya yi laushi, a turara shi sau biyu a madambacin ƙasa, sannan a zo da ƙuli-ƙuli da albasa da soyayyen man gyaɗa. Ba cika baki ba, direbobin Ringim da na Garki sukan bar mota tana lodi su zo su tsuguna a gabana. In aka ce dambu a garin nan, ni ake nufi. Ban tara dukiya ba, sunan nan shi ne abin da na mallaka.

Wata Talata sai ga wata mata 'yar gayu da waya a hannu. Ta gaishe ni, ta ce ita ma'aikaciyar mutumin nan ce da yake yawo gari gari yana cin abinci ana nuna shi. Wa bai san shi ba? Mun gan shi ya ci gurasa a Kano, ya ci masa a Bauchi, har can kudu ya je ya ci abin da ban san sunansa ba. Ta ce sun tambaya a tasha, wani dattijon direba na layin Ringim ya rantse musu cewa in ba su ci dambuna ba, to ba su zo Dutse ba. Na san shi sarai, tun yana yaron mota yake cin abincina. Ta ce jibi da azahar za su zo.

Tana tafiya kaina ya ɗau zafi. Mu yadda aka rene mu, baƙo mai daraja ba a ba shi abin da ake ci kullum. Kaza ake yanka masa, a dafa shinkafa, a fito da kwanon da ba a taɓawa. Na ce a raina, ƙasa gaba ɗaya za ta kalla, in miƙa wa babban mutum dambu a kwanon roba, a ce matan Jigawa ba su san karamci ba? 'Yata ta yi ta fama da ni, tana cewa Inna, dambu fa matar ta ce. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake tarbar baƙi, ta rufe mini baki.

Ranar Alhamis ban ɗora madambaci ba. Na kife shi a bayan rumfa, na rufe da buhu don kada ma ya shiga hoto. Na yanka kaji biyu, na dafa farar shinkafa da miyar tumatir, na aro farantan tangaran, na sa atamfar da nake zuwa biki da ita. Duk wanda ya zo neman dambu da safe sai in ce masa yau muna da manyan baƙi.

Da azahar motarsu ta tsaya, tasha ta cika maƙil. Ya fito, mutum mai fara'a, ya zo har gabana ya durƙusa ya ce, "Iya, barka da aiki." Na shimfiɗa masa sabuwar tabarma, na buɗe farantai ina jiran in ga fuskarsa ta washe. Ya duba shinkafa, ya duba kaji, ya leƙa bayana kamar mai neman wani abu. Sannan ya tambaya a hankali ina dambun.

Na ce ai dambu ba na irinsa ba ne.

Ya yi bisimilla ya ci, ya yaba, ya sa albarka, don yana da tarbiyya. Amma ina gani mai ɗaukar hoton ya sauke na'urarsa daga kafaɗa. Baƙon ya tambaya ko zan iya ɗora dambun yanzu. Na ce geron ma ban ɓarza ba, sai dai bayan la'asar. Ya ce ana jiransu a Haɗeja. Sai ya ce, "Iya, shinkafa da kaza na ci a kowane gari. Naki na zo ci."

Da a nan na yi shiru, da da sauƙi. Amma na ji kamar ya raina wahalata a gaban jama'a, sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Mu a gidanmu ba a tarbar baƙo da abincin 'yan tasha."

Dattijon direban nan yana tsaye a gefe, ya sa farar rigarsa ta Juma'a tun ranar Alhamis saboda murna. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ashe haka kike kallonmu?"

Shi ne ya ja su zuwa tsallaken titi, wurin wata mata da ta yi shekara biyu tana yi mini aiki kafin ta buɗe nata. A hannuna ta koya, kuma har gobe sau ɗaya take turarawa saboda ganda. Ina zaune a kan sabuwar tabarmata ina hango mutumin talabijin a kan bencinta, yana ci da hannu, ana ta dariya.

Da aka nuna shirin, a gidan maƙwabta na kalla. Ya ɗaga loma ya ce wannan shi ne dambun Dutse. Da ya tambaye ta wa ya koya mata, sai ta ce wata tsohuwa ce. Ko sakan ɗaya ba a nuna ni ba. Tun daga lokacin, baƙo in ya sauka a tasha ya tambayi mai dambu, tsallaken titi ake nuna masa. Direbobi da yawa sun dawo wurina daga baya, ciki ba ya riƙe fushi. Shi dai dattijon nan yakan gaishe ni daga cikin mota ya wuce. Na yi ta cewa gobe zan tare shi in ba shi haƙuri, girman kai yana hana ni, har aka zo aka ce mini ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Na daɗe ina cewa matar nan ta ƙwace mini suna. Ƙarya nake yi, ni na miƙa mata da hannuna. Abin da na koya, kuma na koya a makare, shi ne karamci ba ya nufin ka ba baƙo abin da zai sa a yabe ka, ka ba shi abin da ya zo nema. Kuma duk wanda ya ji kunyar abin da yake ci da shi, to ya sani ba kansa kaɗai ya raina ba, har da mutanen da suka yi shekaru suna zuwa wurinsa suna cewa ya yi daɗi.