Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A wani shagon riguna a kasuwar Shisanhang ta ƙasar Sin na ga hoton. Mai shagon ya liƙa shi a bango, shi da tsohuwarsa, kumatu a haɗe suna dariya. Na tsaya ina kallo har ya ɗauka farashin ne bai yi mini ba. Lokacin ina shekara ta huɗu a Guangzhou, ina saro kaya ina aika wa 'yan kasuwar Kano. Ina da ɗaki mai taga biyu a unguwar Liwan, kuma na daɗe ina hango Inna zaune a cikinsa tana jan carbi. Tun rasuwar Baba ciwon gwiwa ya matsa mata, ina so ta zo a duba ta.

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar ce, biza ta yi wuya. Takardar gayyata da ta banki, mai nuna zan iya ɗaukar nauyinta, ba su ba ni wahala ba. Shaidar cewa ita ta haife ni ce ta tsayar da ni. A gida aka haife ni, ba takardar asibiti, kuma sunan garinmu ne a fasfo ɗina bayan nawa. Wanda ke shirya mini takardun ya ce in kawo hotonmu tare. Na zazzage jakata ban samu ba. Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa zama kusa da ni a gaban mutane ba, ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana nemana sai ta ce, "Ina wannan yake?"

Aka ce to ta je kotu ta yi rantsuwa. Ƙanwata ce ta raka ta, ta bugo mini waya daga can tana danne dariya.

"Yaya, magatakarda ya ce ta faɗi sunan ɗanta, ta ce masa wai babban."

"Ke ki faɗa mana."

"Na faɗa. Ya ce ba ni na haife ka ba. Ya ce mata, Hajiya, ni ma tawa haka take, amma takarda ba ta san kunya ba."

Sau biyu suna komawa gida haka. Ban iya cewa Inna komai ba, don in na tilasta mata kamar na karɓe mata wani abu ne. A zuwa na uku Inna ta ce ƙanwata ta fita ta rufo ƙofa. Ƙanwata ta ce ba ta ji komai ba, sai ƙarar hatimi.

Bizar ta fito bayan an gama wasannin. Ni da na tashi da littattafan soyayya na bakin kasuwa, na riga na tsara saukarta a filin jirgin Baiyun: za ta hango ni, jaka za ta suɓuce mata, hawaye ya zubo. Da ta fito sai ta dubi gefen kafaɗata ta ce, "An yi la'asar a garin nan?"

Kwananta biyar na tafi da ita kasuwa. Duk shagon da muka shiga sai a ce da ni laoban. Ta tambayi ma'anarsa, na ce mai gida, haka suke kiran duk mai saye. Da muka dawo ina haɗa shayi sai na ji daga bayana, "Loban, miƙo mini butar nan."

Na daɗe riƙe da cokalin kafin na juyo. Ita kuwa tana gyara ɗankwali kamar ba ta ce komai ba.

Wata uku ta yi, gwiwar ta yi sauƙi, ta ce kajinta na jiranta. Ta ƙara shekara tara a duniya. Da idonta ya tafi, ƙanwata ke kara mata waya a kunne kowace Juma'a, kafin in yi sallama ta riga ni: "Loban, ka ci abinci?" Har jikoki suka ɗauka sunana ne. Ranar da na je zaman makokinta, tsofaffin unguwa da shi suka yi mini gaisuwa.