Ƙarfen da Wutar Maƙeri Ba Ta Narkar Ba

Droum, ƙarfe biyar na asuba

Kwana goma sha ɗaya ke nan injin da ke jawo ruwan garinmu yana kwance. Na fito da ɗan farfelan da ya karye a cikinsa, ƙulle a hankicin da matata Zainabu ta yi wa ado ta ba ni kafin aurenmu. Na bar ta tana ɗaura jarka a kai, da cikin wata bakwai, za ta rijiya mai nisa. Ban iya kallon idonta ba.

Motar da na shiga zuwa birni ta tsaya sau biyu, sau ɗaya don jandarmomi, sau ɗaya don taya. Direba ya ga na rungume hankici, ya ce, "Malam, zinariya ce?" Na ce ta fi.

Birni, ƙarfe tara da rabi

Na taka rairayi har ƙafata ta yi nauyi kafin na sami Maƙeri Illa mai zuba tukwane. Ya juya farfelan a hannu, ya ce, "Kafin azahar zan zuba maka sabo da sanholo."

Wani tsoho da ke shan shayi a gefe ya yi dariya. Baba Kyari ne, tsohon bakanike.

"Illa, jefa shi a wutarka tare da tsohuwar tukunya mu gani."

Illa ya jefa su. Tukunyar ta zama ruwa. Farfelan ya yi ja kawai, yana zaune daram.

"Ɗana," in ji Baba Kyari, "wannan a cikin hayaƙin inji yake juyawa, inda zafi ya fi na wannan wutar. Wani ƙarfe ne, nikal, da sanholo aka haɗa har suka kama juna ciki da waje, zafi ba ya raba su. Na Illa zai narke kafin ka cika bokiti."

Illa ya ce, "To, malamin ƙarfe, sai ka zuba masa da kanka."

Ni kuwa maganar kama juna ta kai tunanina wajen Zainabu, har sai da tsohon ya taɓa kafaɗata.

Wajen masu tsofaffin injuna, ƙarfe biyu

Muka yi ta tonon tarin ƙarafa cikin rana, ba abin da na ci sai ƙosai uku. Gab da la'asar Baba Kyari ya zaro turbo sukutum, wato sashen injin da irin farfelan nan ke ciki, ya juya farfelansa da yatsa, ya kasa kunne. "Wannan da ransa."

Gida

Na iso da magariba, ƙafafu sun kumbura, hankicin ya yi baƙi da mai. Washegari da hantsi muka ɗaura turbon, inji ya tashi, famfo ya yi tari, ruwa ya zo.

Zainabu ta dubi hankicin ta ce, "Ka lalata mini aiki." Ta kai shi bakin famfo, shi ta fara wankewa.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Kyari. Illa ma na gode masa, da ya yarda aka gwada.