Burduddugin da Na Tasa Daga Barci

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga aji uku na firamare. Rabin ƙauyenmu ya tafi kasuwar Ɗanbatta, mu kuwa muna cikin kududdufin bayan gari, wanda ya bushe ƙayau har ƙasarsa ta tsattsage. Baba yana haƙar ƙasar da zai gyara katangarmu kafin ruwa ya sauka, ni kuma ina kwasa da ɗan kwando ina zubawa a mangalar jaki. Can sai digarsa ta tono wani dunƙule kamar ƙaton curin fura, ya gangaro gabana. Na ɗauka na ji laushi. Da na kakkaɓe ƙasar sai ga wata fata kamar ɓawon albasa, a cikinta wani ƙaton kwaɗo ya naɗe ƙafafu, idanunsa a rufe. Baba ya ce burduddugi ne, in mayar da shi ramin in rufe. Na ce to. Da ya juya baya, na ƙulle shi a ɗankwalina.

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya jarabce ni da son kwaɗi, duk da ƙyamar da 'yan mata sa'o'ina suke yi musu. Na san mai kaushin baya da ke kwana a gindin randa, wanda ko an share shi waje da tsintsiya gobe yana nan. Na san 'yan sirara da ke manne a ganyen dawa da damina, da mai santsin nan da guga kan ɗebo daga rijiya. 'Ya'yansu masu wutsiya kuwa na sha tara su a gwangwanin madara har su fid da ƙafa. Amma burduddugi ban taɓa riƙe shi ba, sai dai in ji gurnaninsa daga nesa. Ga shi yau a hannuna, a bushe, ko motsi ba ya yi. Wallahi tausayinsa ne ya kama ni. Na ce a raina ƙishirwa ce za ta kashe bawan Allah.

Muna isa gida na lallaɓa bayan rumbu, na sa shi a wani tsohon kasko, na juye masa ruwan buta guda. Kafin la'asar fatar nan ta jiƙe ta saɓule, ya buɗe ido, ya miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Murna ta sa na ruga na kamo hannun Iya, mahaifiyar Baba, don ta zo ta ga ran da na ceto. Ta leƙa kaskon. Sannan ta ce, "Kai, ja'irar yarinya! Ai ba ciwo yake yi ba, barci yake. Kin sa ya ɗauka damina ta zo, ga shi ko hadari ba a fara ba." Ta ce da na bar shi a raminsa, da zai kai ruwan fari lafiya lau ba ci ba sha. Yanzu da na tashe shi, in ya mutu alhakinsa yana wuyana.

Haka na shiga hidimar da ban shirya mata ba. Lokacin rijiyarmu ta ja baya, sai an yi sammako ake samun guga biyu masu laka, kowa da rabonsa. Daga ruwan wankana nake rage masa, har malaminmu ya tambaye ni ko mun daina wanke ƙafa a gidanmu. In na dawo makaranta na gama surfe da share tsakar gida, yara suna gaɗa a dandali, ni ina gindin katanga ina tonon gara, ko ina bin fara a cikin kara. Na kifa masa tsohon kwando na danne da dutse saboda kaji. Duk da haka kullum sai ƙara ramewa yake. Ruwan kaskon kan yi zafi kafin azahar, fatarsa ta fara yamushewa, ya daina kallon farar da nake miƙa masa. Ranar da ya kwana biyu bai ci ba, na zauna a bayan rumbun na yi kuka mai isata.

Nan Iya ta same ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa na haƙa rami a inuwar rumbu, muka cika shi da ragowar ƙasar kududdufin da Baba ya kawo, muka jiƙa ta sosai, muka ɗora burduddugin a kai. Ya yi shiru kamar ba zai motsa ba, sai kuma ya fara tura ƙasa da ƙafafun baya, yana nutsewa da baya da baya, har idanun suka ɓace. Iya ta ce, "To, daga yau ba ruwa, ba tono, ba leƙe. In kina sonsa, ƙyale shi."

Sama da wata guda na yi ina wucewa ta wurin da buta a hannu. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, ban san ko mai rai ne a ciki ko gawa ba. Sau biyu na ɗauko tsinke zan ɗan sosa, in tuna abin da hannuna ya jawo a farko in yar. Ran da ruwan fari ya sauka, da asuba ne, ya yi ta zuba har gari ya waye. Kowa ya ɗauki iri da sungumi ya nufi gona, ni na nufi bayan rumbu ƙafa ba takalmi. Na tarar da rami a buɗe, faɗin tafin hannu, da 'yar fata a bakinsa. Babu kowa a ciki. Ko sallama bai yi mini ba, amma ban taɓa yin farin ciki da ganin rami fanko kamar na ranar ba.

Yanzu a birni nake, inda damina kan zo ta wuce ban ji kukan kwaɗo ko sau ɗaya ba. Kwanan baya autana ya nuna mini wasu kwaɗi masu launi a waya, a cikin akwatin gilas da fitila, wai in saya masa. Na ce sai ya fara sanin abin da suke ci da lokacin da suke barci. Ya yi dariya, ya ce kwaɗo ma har da wani lokacin barci. Ban ga laifinsa ba, bai taɓa jiran ruwan fari da ran wani a wuyansa ba. Cikin duk hidimar da na yi wa burduddugin nan, ƙyale shi ne ya fi mini wuya.