Yarinyar da Ta Tofar da Wainata

Kin ga, Delu, shekarar da ruwan Tiga ya tashe mu, tuyar waina nake yi a tashar Bebeji. Har yau ina ganin wata yarinya, ko sunanta ban sani ba. Ga ta nan zaune a benci da leshi mai tsada, agogo yana yawo a hannunta, wuya duk ƙashi.

Na ɗauka daga jinya ta tashi, sai na zuba mata waina, na kwarara miya.

"Ci, 'yar nan, kada iska ta ɗauke ki."

"Na ƙoshi, Iya."

Amma idonta yana kan kwanon. Ta gutsura, ta tauna, ta kau da kai ta tofar a hankici. Sai ta ciro ɗan madubi mai hoton wata siririyar Baturiya a baya. Ta dubi hoton, ta juya ta dubi kanta, tana matsa kumatun da babu su.

Mu a wajenmu, ramar yarinya kunyar uwarta ce. Yunwar rashi na san ta, mun sha ta. Wannan kuwa ga abinci a gabanta.

Motar Kano ta tafi da ita. Ni ma ranar ban iya cin wainar nan ba.