Yadda Maƙesu Suka Raba Ni da Kawu

Kawuna yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekaru da dama ke nan ba mu gaisa ba. Waɗanda ba su san mu ba sukan ɗauka gado ne ya haɗa mu, ko rikicin fili. Ba ko ɗaya. A kan waƙoƙi goma sha biyu ne, waɗanda na rubuta wa yara 'yan aji uku.

A lokacin ina koyarwa a firamaren cocinmu a Samaru. Littafin karatun Hausa da aka ba mu ba shi da abin da zai sa yaro ya ɗaga kai, sai hamma. Don haka na fara tsara musu 'yan gajerun waƙoƙi da kaina, in rubuta a allo su kwafa. Da na ƙare da su rana da wata da kaza, na rasa abin da zan yi waƙa a kansa, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Kaka ce ta haifi Mama da Kawu. Mutuniyar wani ƙauye ce a yammacin Zariya, ba ta taɓa shiga coci ba, ba ta shiga masallaci ba, a kan al'adar iyayenta ta rayu. 'Ya'yanta ne suka karɓi bishara tun suna ƙanana. Da ƙarfinta ya ƙare aka rasa inda za a kai ta. Kawu yana da gida mai ɗakuna da yawa a Hanwa, amma ya ce shi dattijon coci ne, ba zai ajiye mai layu a gidansa ba. Mama ta ɗauko ta zuwa namu ɗan gidan haya a Samaru, muka kwana ɗaki ɗaya ni da ita har ta rasu.

Bayan gidan akwai fadama da ake noman rake. Da damina, da rana ta faɗi, sai maƙesu su tashi daga ciyawa, ƙwarin nan masu ƙyasta wuta, har wurin ya yi kamar an watsa garwashi. Kaka ta hana mu kama su.

"Fitilun mutanen ɓoye ne," in ji ta. "Kina kama ɗaya, kin bar wata a cikin duhu."

Mutanen ɓoye su ne ƙananan aljanu. Ta ce tsayinsu bai kai na muciya ba, garinsu yana ƙarƙashin gindin rake, suna daka, suna faɗa da maƙwabta, suna biki kamar mu. Ban taɓa jin tsoronsu ba. Ita ma ba ta taɓa cewa a roƙe su komai ba.

Su na mayar waƙa. Wadda yara suka fi so ita ce wannan:

Maƙesu, maƙesu, wa ya aike ki?
Inna ce ta aike ni rafi.
Ina tulunki, ina gammonki?
Ɓawon gyaɗa ne, ga shi a tafi.

Da suka cika goma sha biyu na kai su wani shagon kwamfuta a unguwar PZ, aka buga, aka haɗa mini su 'yan ƙananan littattafai masu shuɗin bango. Kowane yaro ya samu ɗaya. Shugabar makaranta ta karanta, ta yi dariya, ta ce lallai ajina su rera ɗaya ranar rufe makaranta.

Ranar aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, iyaye suka cika. Kawu yana teburin manya, don shi ne shugaban kwamitin makaranta. Yarana suka fito, na ɗaura wa kowa 'yar takarda mai ƙyalƙyali a yatsa, suna waƙa suna buɗe hannu suna rufewa. Iyaye har sun fara tafi. Ba su kai baiti na uku ba Kawu ya miƙe, ya karɓe makirfo daga hannun mai gabatarwa.

"Ku tsaya. Na ce ku tsaya! Wa ya koya wa 'ya'yanmu kirarin iskoki a makarantar Ubangiji?"

Yara suka tsaya hannuwansu a sama. Wata ta fashe da kuka. Na fito na tsaya gabansu na ce ni ce. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa kamar bai taɓa ganina ba, ya ce a kwashe yaran, a ci gaba da shiri na gaba. Ni na kora su bayan rumfa da kaina, ina kwance musu takardun yatsu. Da akwai dutse a hannuna a lokacin, ban san abin da zan yi ba.

Bayan kwana uku aka kira ni ofishin Fasto. Mutum biyar ne, da Kawu a tsakiya, littafina a gabansa duk ya ja layi da jan biro. Ya riƙa karanta baitocin da wata siririyar murya ta ba'a, yana ɗaga gira.

"'Inna ce ta aike ni.' Ranka ya daɗe Fasto, kai ba a ƙauye ka tashi ba. Mu da muka fito daga can mun san wace ce Inna. Sunan iska ne, wadda ake yanka wa akuya."

Na ce, "Kawu, rabin yaran ajina Inna suke kiran uwarsu."

"Ba da ke nake magana ba."

"To da wa? Ni na rubuta. Kuma ba daga bakin boka na ji ba, daga bakin mahaifiyarka na ji."

Fasto ya gyara zama, ya ce a yi haƙuri, a bi a hankali. Kawu ya rufe littafin.

"Mahaifiyata ta mutu a cikin duhu. Na yi mata wa'azi har na gaji. Abin da muka gudu muka bari, ana kiranmu arna, ana ƙin shan ruwa a kofinmu, shi za ki kwaso ki zuba a kan jikokinmu don ki ga an tafa miki?"

"A cikin duhu ta mutu, gaskiya ne," na ce. "An ɗauke wuta a Samaru ranar. Da a gidanka take, da an tayar mata da janareta."

Na san abin da na faɗa. Na daɗe ina ajiye da maganar, kuma ban yi nadamar fitowarta ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kai, 'yar nan!"

Hukuncinsu shi ne a tattara littattafan daga hannun yara, ni kuma in tsaya gaban jama'a ranar Lahadi in nemi gafara. Na ce littattafai su tattara, tunda makarantarsu ce. Gafara kuwa ban ga laifin da na yi ba. Kafin a dawo daga hutu aka aiko mini da takarda cewa ba a bukatar aikina. Shugabar makarantar da ta yi dariya ta ce a rera, ita ta sa hannu, da muka haɗu ko kallona ba ta iya yi ba.

Na yi sati biyu a gida ina cin raina. Rannan na shirya na hau keke-napep zuwa Sabon Gari. Kawu yana da shago a cikin kasuwa, yana sayar da iri da taki da maganin feshi. Na same shi yana auna wa wani manomi irin masara. Na tsaya har mutumin ya tafi, ban durƙusa ba.

"Na zo karɓar littattafaina."

"Na ƙone su."

"Duka?"

"Har da bangon." Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu. "Kin ga, ke ba ki san komai ba. An haife ki a asibiti, an yi miki baftisma da farar riga. Ba ki taɓa zama a aji an ja benci an bar ki ke kaɗai ba. Ko abin da kika rubuta ma ba daidai ba ne. Wane ruwa? Ba ruwa suke ɗebowa ba. Awakinsu ne suka ɓace, suke nema da fitila. Haka kakarki take faɗa."

Yana gama faɗa ya ja da baya, kamar wanda ya taka ƙaya. Na tsaya ina kallonsa. Wata mai taushin zuciya da a nan ta sauko. Da ta ga tsoho ne da aka wulaƙanta yana yaro, wanda har yanzu bai manta muryar uwarsa ba. Na ga duk wannan, ba wai ban gani ba. Amma abin da ya zo mini shi ne: ashe ya sani. Ya san tatsuniya ce ta tsohuwa da 'ya'yanta, ya san babu akuyar da aka yanka, amma ya tsaya gaban iyaye ya kira ni mai kirarin iskoki, ya raba ni da aikina.

Na ce, "Na gode, Kawu. Zan gyara."

Da na koma gida na rubuta ta goma sha uku, wadda ba ta yara ba ce. A kan wani mai shagon maganin ƙwari ce, mai gida a kan tudu, wanda ya kashe gara ya kashe tsutsa, amma idan ya ga maƙesu sai ya rufe taga, don kada su tambaye shi inda ya bar uwarsa. Ban sa suna ba. Ba a bukata. Na tura wa ƙawata guda ɗaya ta waya, wadda na tabbata ba ta iya riƙe magana.

Cikin kwana kaɗan ta zaga matan coci, daga nan ta shiga kasuwa. Na ji labarin maƙwabtansa 'yan layi sun fara tambayarsa da safe, "Baba, an rufe taga kuwa?" Wani mai sayar da buhuna, wanda ko Hausa bai iya sosai ba, shi ma ya haddace layin ƙarshe. Kawu mutum ne da ba ya ɗaukar raini ko na ƙwayar zarra. Aka ce ya daina zama a shagon da rana, ya bar wa matarsa. A zaɓen dattawa na gaba ya ce kada a sa sunansa.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya a nan ba, na ji daɗi ƙwarai, har na dafa shinkafa da kaza ranar da labarin ya iso ni.

Mama ce ta biya kuɗin jin daɗin nawa. Ta zo ɗakina da yamma, ko zama ba ta yi ba.

"Ke kika rubuta?"

"Ni ce, Mama."

"Yayana ne. Shi ya goya ni ya ƙetare rafi da ni muka je makaranta. Abin da ya yi wa uwarmu tsakanina da shi ne, ni na yi jinyarta, ni ke da ikon yin magana, kuma na yi shiru. Wa ya aike ki?"

"Ya kore ni daga aiki."

"Sai ki tona mana asiri a kasuwa? Yanzu duk Sabon Gari sun san uwarmu da layu ta mutu. Kin rama, ko? To a kaina kika rama."

Ta fita. Wata huɗu ba ta ɗaga wayata ba. Wannan ya yi mini zafi fiye da takardar kora, amma ko a lokacin haushin Kawu na ƙara ji, ban ji na kaina ba. Na daina zuwa cocin, na koma wani coci a Palladan inda ba a san ni ba. Daga baya na samu aiki a wata makarantar kuɗi a Hanwa, inda ba a koyar da Hausa ko kaɗan. Lissafi nake koyarwa.

Bara Mama ta kwanta a asibiti, ciwon ƙoda. Matar Kawu, mace mai hankali wadda ba ta taɓa sa baki a rigimar ba, ita ta tsara mana: shi ya zo da safe, ni in zo bayan an tashi daga makaranta. Haka muka yi sati uku, kowa yana tarar da alamar ɗan'uwansa. Ni ina tarar da lemon da ya ɓare mata, shi yana tarar da kwanon da na wanke.

Wata Asabar na yi sammako, na manta da tsarin. Muka haɗu a kan matakala, yana saukowa ina hawa. Ya rame, yana dafa bango. Matakalar ƙunci gare ta, dole ɗaya ya kauce. Muka tsaya. Wata nas ta taho a bayansa da tire, ta ce, "Baba, a ba ni hanya mana." Ya matsa mata, ni kuma na bi bayan inda ta buɗe na wuce ta gefensa, kafaɗata ta gogi rigarsa.

Da na shiga ɗakin Mama ta dube ni, ta dubi ƙofa.

"Kin gaishe shi?"

Na ce a'a. Ta juya fuskarta bango. Na zauna na buɗe kular kunu, na jira ya huce.