Zargi Ya Ci Mini Haƙora Huɗu

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba da labari ni ɗan kasuwar goro ne a Ƙaura Namoda, ina kai kaya Shinkafi ranar kasuwa, wani lokaci in leƙa Zurmi. Sana'ar goro ta koya mini rashin yarda da mutane. Idan aka kawo mini huhu ba na duba na sama, sai na tura hannu can ƙasa, domin a nan ake ɓoye mai sankara. Ban da haka, mai goro da haƙorinsa yake ciniki. Sai ka ɓara, ka gatsa a gaban mai saye ya ji ƙarar, sannan ya yarda kayanka sabo ne. Ina alfahari da haƙorana, ina kuma alfahari da cewa ba a taɓa yi mini wayo ba.

Da jini abin ya fara. Duk sanda na yi asuwaki sai in ga ja a bakin icen. Daga baya dasashina ya kumbura, har maiɗakina ta fara kau da kai saboda wari idan ina magana. Na zargi goron wani dillali, na zargi ruwan rijiyarmu, har wani maƙwabcin rumfata na zarga da yi mini asiri. Da ciwon ya hana ni tauna tuwo, dole na je wurin wata ma'aikaciyar haƙori a garinmu, 'yar kudu ce, Kirista, Hausarta a karye. Ta duba bakina ta ce wani datti ne ya daskare kamar dutse a gindin haƙoran, har ya shige ƙarƙashin dasashi. Ta ce sai an kankare shi, sannan in sha kafso na kashe ƙwayoyin cuta iya kwanakin da ta rubuta. Ta nanata mini cewa kafson taimako kawai yake yi, ba ya cire dattin. Ta ba ni takardar maganin, ta ce in saya in dawo da shi ranar da ta sa mini.

Tun ina kan kujerar zuciyata ta fara saƙe-saƙe. Na ga ƙarafan da ke cikin farantinta, na ce a raina wannan dai so take ta sassauta mini haƙora don ta samu na cirewa. Wallahi har da rashin zamanta tamu na sa a cikin zargin, kuma yau kunyar hakan nake ji. A kasuwar Zurmi na ba wani abokin sana'ata labari, ya rantse mini cewa wani ɗan'uwansa a Dauran ya yarda an kankare masa, bai shekara ba haƙoran suka zube. Ban tambaye shi yadda bakin mutumin yake kafin a taɓa shi ba, domin abin da nake son ji ke nan. Na kai takardar kemis na sayi kafson, ranar da ta sa mini kuwa na hau mota na tafi Shinkafi.

Kwana uku kumburin ya sace, warin ya ragu. Na yi dariya, na ce ai ga shi, dama magani na nan ta so ta yi mini aika-aika da ƙarfe. Na ajiye sauran kafson a aljihun jakar goro. Daga nan ya zama mini abokin tafiya: ciwo ya taso in haɗiye biyu, ya lafa in daina. Har na koyi buɗe kafson in zazzage garin in shafa a dasashi, ina ba wasu shawarar su yi haka. Sau biyu ma'aikaciyar haƙorin ta aiko mini da saƙo ta bakin maiɗakina, wadda take haɗuwa da ita a kasuwa, cewa in zo kafin abin ya ci ƙashi. Ni kuwa na ce naci irin wannan ba na Allah da Annabi ba ne, da wata a ƙasa.

Kusan shekara biyu ina wannan wauta, har kafson ya daina yi mini komai sai ɓacin ciki. Wata ranar kasuwa a Shinkafi na gatsa farin goro a gaban wani dattijo mai saye, sai na ji haƙorin gaba ya kwanta. Goron ya fito jina-jina. Dattijon ya dube ni da tausayi, ya ce in bar ciniki in nemi asibiti. Washegari na koma wurin ma'aikaciyar kaina a ƙasa. Ba ta yi mini gori ba. Ta ce cutar ta cinye ƙashin da ke riƙe da haƙoran gaba, huɗu ba su da sauran madafa, amma za ta yi ƙoƙari a kan ragowar. Ta cire huɗun, ta kankare sauran, ta sa na shanye magani daidai yadda ta tsara. Waɗanda ta kankare ɗin, su ne har yau nake cin abinci da su.

Na rubuto ne don 'yan'uwana masu sayen kafso a kemis duk sanda baki ya kumbura. Lafawar ciwo ba warkewa ba ce. Ni kafson rufe mini ido ya yi, cutar na ta ci a ɓoye. Idan masanin abu ya ce sai an wanke an kankare, ku bari a yi, ku sha maganin har ya ƙare, kada ku auna gaskiyarsa da garinsu ko addininsa. Na zargi rijiya, na zargi maƙwabci, na zargi baiwar Allah da ta so ta cece ni, kaina kaɗai ne ban zarga ba. Shekaruna arba'in da 'yan kai, amma yau idan zan ci goro sai an goga mini shi kamar tsohuwa.