Kukan da Mahfuzu Bai Iya Kashewa Ba

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu, Malam Mahfuzu Jibril ba ya komawa kwanciya. Yakan sha kunu a tsaye, ya rataya tsohuwar jakar fatar da ya sayo a Maruwa tun yana saurayi, ya taka zuwa rumfarsa da ke gindin dalbejiya a hanyar Pitowa. Ya yi shara, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa buhu ya jera sukundireba da filaya da guntun samfefa. Daga nan sai ya zauna shiru. Cewa yake yana so kunnensa ya huta kafin 'yan babur su cika gari, don da kunnen yake ci. Sama da shekara talatin ke nan yana haka. A watan nan ya naɗe buhun, kuma kunnen nan ne sanadi.

Bari in yi wa wanda bai san sana'ar ba bayani. Samarin Garwa, da wasu dattawan da suka ƙi yarda sun tsufa, ba sa gamsuwa da rediyon da mota ta zo da shi. Sai sun cusa ƙatuwar sifika, wadda suke kira wufa, a but ɗin bayan mota, sun haɗa ta da amfili mai ƙara mata ƙarfi. Ni ban taɓa ɓoye ra'ayina a kan wannan ba, mutum ne ni da tagar ɗakinsa ke kallon titi. To amma abin da ke yawan faruwa shi ne, da an tada injin sai wani siririn kuka ya biyo ta cikin sifikar, kamar sauro ya samu kunne. A taka totur ya ƙara tsini, a saki ya sauko. Duk daɗin waƙa ko wa'azi, wannan kukan sai ya ɓata shi. Kashe shi ne aikin Mahfuzu.

Yadda yake yi kuwa, duk wanda ya taɓa kai masa mota ya gani. Dogon mutum ne, amma sai ya naɗe kansa ya shige but, ya kara kunne dab da bakin wufa, ya sa mai motar ya zauna a sitiyari. In ya ƙwanƙwasa ƙarfe sau ɗaya a taka, in ya ƙwanƙwasa sau biyu a saki. A zafin Garwa na watan Afrilu yake wannan, lokacin da ko ƙofar mota ba ta taɓuwa. Zai zare wayar da ke kawo sauti daga rediyo ya saurara. In kukan ya tsaya, ya san daga gaba yake zuwa. In bai tsaya ba, ya san yana nan kusa da shi.

Émile, wani direban taksi da ke jigila tsakanin Garwa da Pitowa, ya ba ni labarin zuwansa na farko. Ya zo a fusace yana cewa, "Patron, sau biyu ina canza amfili, wallahi abin nan ya ƙi! Ko aljani ne?"

Mahfuzu ya leƙa but ɗin ya ce, "Amfilinka lafiyarsa ƙalau, mon frère. Aljaninka fenti ne."

Ashe wayar da ake ɗaurewa a jikin mota don wuta ta samu hanyar komawa, wadda nan muke kira mas, a kan fenti aka ɗaure ta. Ya kwance notin, ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fes, ya rage tsawon wayar, ya ɗaure tamau. Sannan ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ya tarar wayar batir da wayar sauti kwance wuri ɗaya. Ya raba su, ɗaya ta bi gefen direba, ɗaya ta bi gefen fasinja. Émile ya ce da aka tada injin aka taka, bai ji komai ba sai numfashinsa.

Kai ne, Mahfuzu, wanda ka ƙi ɗora ƙaramin akwatin tace ƙara a kan waya ka sallami mutum, alhali ka san ciwon yana can ƙasa. Ka sha cewa toshe wa kuka baki ba gyara ba ne. Kai ne mai cire kujeru duka don neman waya ɗaya da ta goge. Kai ne wanda yara masu zumuɗi suka sha kunna wa kiɗa da ƙarfi bisa kuskure kana cikin but, kunnenka a bakin wufa, ka fito kana girgiza kai, ka ce ba komai, ka koma. Mu da muke wucewa dariya muke yi. Yau ina jin kunyar dariyar nan a madadin unguwa duka.

Cikin duk waɗanda suka shaida aikinsa, babu kamar Shu'aibu, direban da ke ɗaukar fasinja zuwa Ngong. Mahaifin Shu'aibu malamin allo ne a Maruwa, mai kakkaurar murya. A azuminsa na ƙarshe a duniya, Shu'aibu ya ajiye wayar salula kusa da buzunsa ya ɗauki karatunsa. Bayan rasuwar tsohon, yakan kunna karatun a motarsa, amma ƙananan sifikun ƙofa ba sa fitar da muryar yadda take, shi ya sa ya sa wufa. Ba don kiɗa ba. Sai ga kukan injin ya hau kan karatun. Ya ce duk sanda ya hau gadar Benuwai ya taka mota, sai muryar babansa ta nutse, ya rasa ayar da ake.

Mahfuzu ya wuni a kan motar nan. Da ya gama, ya ce a kunna a taka. Muryar ta fito ita kaɗai. Shu'aibu ya ce a ranar ya fara jin abubuwan da bai san sun shiga cikin ɗaukar ba: jan numfashin tsohon tsakanin aya da aya, da tarin da yake dannewa, da sautin turmin mahaifiyarsa daga tsakar gida. Ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka. Mahfuzu ya koma gindin dalbejiya ya ba shi wuri.

Shekaru suka wuce. A watan jiya Shu'aibu ya sake mota, ya kawo ta a mayar masa da kayan sautin. Mahfuzu ya haɗa komai yadda ya saba, ya shiga but, ya ƙwanƙwasa. Shu'aibu ya taka.

"Akwai saura," in ji Mahfuzu.

Ya sake goge mas. Ya sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya rage ƙarfin amfili. Ya koma ya kara kunne.

"Yana nan. Siriri ne, amma yana nan."

Shu'aibu ya zagayo ya saurara da kyau. "Baba, ni fa ban ji komai ba. Tsaf yake."

"Kunnenku na yara ne, kun saba da hayaniya. Ɗaga min kujerar baya."

Aka ɗaga. Har la'asar ta yi suna abu ɗaya, gumi ya jiƙa rigar Mahfuzu sharkaf. Can sai ya tsaya, ya ce da Shu'aibu ya kashe injin. Aka kashe. Ya yi shiru yana saurare. Sai ya fito da kansa, ya buɗe gaban mota, ya cire kan batir, ya riƙe wayar a hannu. Mota babu wuta ko ɗigo, babu abin da zai iya yin kuka a cikinta. Ya dubi Shu'aibu ya ce, "Har yanzu ina jin sa."

Shu'aibu ya ce bai taɓa ganin fuskar babban mutum ta sauya haka ba. Mahfuzu ya mayar da kan batirin, ya ɗaure kujerar, ya ce, "Motarka ta gyaru tun da hantsi. Ka yafe min, na ɓata maka wuni."

Mai ɗakinsa, Aisatu, ta gaya mini ta daɗe da lura. Sai ta yi sallama sau uku kafin ya amsa, kuma ya koma juya kunnen dama ga mai magana. Ta ce, "Na yi ta cewa Malam a je asibiti, sai ya ce gajiya ce." Da suka je, likita ya ce jijiyar ji ce ta gaji da dukan ƙara, kukan kuma zai zauna, sai dai a lallaɓa abin da ya rage. Abokan sana'a sun roƙe shi ya ci gaba, tun da hannunsa ya san aikin ko ido rufe. Ya ƙi. Ya ce wanda ba ya iya raba kukan mota da na kansa, zai riƙa farke wa mutane motoci a banza, shi kuma ba zai ci amanar da aka ba kunnensa ba.

Wannan ƙin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Gyara da yawa sun iya. Amma sanin ranar da ya kamata mutum ya ajiye, ba tare da wani ya kama shi da kuskure ba, wannan sai mai tsoron Allah. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Mutumin da ya raba ɗaruruwan motoci da wannan kuka, yau shi yake kwana da shi yake tashi da shi, kuma babu notin da za a kwance masa.

Yanzu duk Juma'a Shu'aibu yakan biyo ya ɗauke shi zuwa babban masallacin cikin gari. Mahfuzu ba ya zama gaba. Yakan zauna a baya, ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a kan akwatin wufa, a kunna karatun marigayin. Ya ce ta tafin hannu muryar ke zuwar masa ba gauraye. In an hau kwalta aka taka mota, sai ya tambaya, "Tsaf yake?" Shu'aibu ya ɗaga murya ya ce, "Tsaf, Baba." Sai ya gyaɗa kai.

Mun gode, Mahfuzu, sarkin haƙuri na gindin dalbejiya. Useko, kamar yadda Fulani ke godiya, Allah ya saka da alheri, ya sanyaya maka abin da kake ji, ya sa shi kaffara. Ku kuma masu wannan sana'a da ya bari a baya, ku bi ciwo har tushensa kamar yadda ya yi, amma ku tausaya wa kunnuwanku, kada ku shiga but sai kun tabbatar hannun kowa ya bar rediyo. Sauran mu kuwa, masu wufa da masu amfili, roƙo ɗaya gare ni. Gidansa shi ne mai koren ƙyaure a bayan masallacin unguwarmu. Da yamma yana zaune a ƙofa. In kun zo wucewa, ku rage sauti, ku tsaya ta gefen damansa, ku gaishe shi da ƙarfi.